Odar dare da ke faɗawa lissafin jiya: amsa kan agogon saba da UTC

Wani matashi mai rubuta manhajar intanet a nan Kano ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na gina wa wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari shafin karɓar odar atamfa da shadda. Komai yana tafiya, sai abu biyu. Duk odar da ta shigo tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya, rahoton ciniki a jiya yake lissafa ta. Sannan idan mai saye ya zaɓi 15 ga Mayu a matsayin ranar haihuwarsa, 14 nake tararwa a rumbun bayanai. Ina so in ƙara awa ɗaya a duk inda lokaci ya fito. Hakan ya wadatar?"

Ƙanena, kada ka ƙara awar nan. In ka ƙara, rahoton zai daidaita yau, Alhaji ya sa maka albarka, amma ka warwatsa gyaran ne a wurare da yawa waɗanda kai kanka ba za ka tuna da su ba nan da wata shida. Ranar da ka koma wani saba, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, ko wani ya yi oda daga Jidda, sai ka tarar wani wurin an ƙara awa biyu, wani wurin ba a ƙara komai ba. Kuma matsalolin nan biyu da ka kawo ba iri ɗaya ba ne, ko da yake awa ɗaya ce ta haife su. Ta farko, an ajiye lokaci daidai, wajen karantawa aka yi kuskure. Ta biyu kuwa kwanan wata ne wanda tun farko ba shi da haɗi da agogo, aka liƙa masa.

Bari mu fara da abin da kwamfuta ta sani. Ba ta san Litinin ba, ba ta san azahar ba. Lamba ɗaya take riƙe da ita: yawan daƙiƙun da suka shuɗe tun sha biyun daren da ya shigo da 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC. Wannan ake kira lokacin Unix. JavaScript, harshen rubuta manhaja da burawza ke aiki da shi, tana ƙirga nata da milisakan, wato kowace daƙiƙa an raba ta gida dubu, shi ne abin da Date.now() yake ba ka. Lambar 1,700,000,000 a daƙiƙu, alal misali, ta faɗo a 14 ga Nuwamba 2023, ƙarfe 10:13 na dare a UTC. A daidai wannan ƙiftawar, agogon Kano yana nuna 11:13 na dare, na Makka ya riga ya shiga 15 ga wata da ƙarfe 1:13, ɗan kasuwarmu da ya je sarin kaya Guangzhou kuma gari ya fara waye masa da ƙarfe 6:13. Lamba ɗaya, fuskokin agogo daban-daban, har ma kwanan wata biyu.

UTC shi ne ma'aunin da duniya ta yarda da shi, magajin agogon Greenwich wanda taron Washington na 1884 ya ɗauki layinsa a matsayin mafari. Layin nan ba nesa yake da mu ba, ta garin Tema na Ghana ya ratsa, shi ya sa agogon Accra da UTC suke tafiya tare. Najeriya kuwa tun 1919 tana gaba da awa ɗaya, kuma ba ma matsar da agogo lokacin zafi ko hunturu kamar yadda Ingila da Amurka suke yi. Wannan sauƙi ne, amma a ganina shi ne ya lalata hannun masu rubuta manhaja da yawa a ƙasar nan. Wanda ya koyi aikin a Landan, sau biyu a shekara agogo yake tuna masa cewa tazara tana canzawa, dole ya koyi tsari. Mu kuwa kuskuren namu awa ɗaya ce tak, kuma tsakar dare take ɓuya, lokacin da mai gwaji yake barci. Sai an samu masu saye da ke jiran garaɓasar data ta dare, ko watan azumi da ciniki ke kaiwa har sahur, sannan asiri ya tonu.

Ka ɗauki ɗan kasuwar da ke hulɗa da Dubai da Sin da Nijar. In yana da hankali, da kuɗi iri ɗaya yake rubuta littafinsa, sai ya zo biya ko karɓa ne yake zuwa Wapa a yi masa canji. Haka za ka yi da lokaci: a cikin rumbun bayanai da tsakanin saba da burawza, UTC kaɗai. Canji zuwa agogon mutum a bakin ƙofa ake yin sa, wato lokacin da za ka nuna masa a allo, ko lokacin da ya shigar da wani abu da hannunsa.

Yanzu ga rahoton Alhaji. Odar da ta shigo ƙarfe 12:30 na daren da ya shigo da 10 ga Maris, sabarka ta ajiye ta a matsayin 2025-03-09T23:30:00Z, kuma ta yi daidai. Harafin Z na ƙarshe yana nufin UTC ne, tsarin rubutun kuma shi ne ISO 8601, wanda ya kamata ya zama shi kaɗai ke yawo tsakanin sassan manhajarka. Kuskuren yana wajen da ka ce wa rumbun bayanai ya tara ciniki bisa kwanan wata, shi kuma ya yanko kwanan watan UTC ya ba ka 9. Tambayar da ba ka yi ba ita ce: ranar wa? Ranar Alhaji, 10 ga Maris a Kano, tana farawa daga 2025-03-09T23:00:00Z ta ƙare kafin 2025-03-10T23:00:00Z. Ka lissafa iyakokin nan biyu a cikin manhajarka ta hanyar sunan yankin Africa/Lagos, sannan ka nemi duk odar da ta kai iyakar farko ko ta wuce ta, amma ba ta kai ta biyu ba. Kada ka rufe rana da 23:59:59, domin odar da ta shigo rabin daƙiƙa bayan nan ba za ta faɗa yau ba, ba za ta faɗa gobe ba, ta ɓace ke nan daga lissafi.

Akwai masu yin canjin a cikin rumbun bayanan kansa. PostgreSQL da MySQL nau'o'in rumbun bayanai ne. A PostgreSQL yana tafiya lafiya da umarnin AT TIME ZONE. A MySQL akwai CONVERT_TZ, amma ka yi hattara: in ba a loda teburorin yankunan lokaci a sabar ba, ka ba shi suna irin Africa/Lagos, ba zai yi ƙorafi ba, NULL, wato babu komai, kawai zai mayar maka, kuma a sabar haɗaka mai araha da yawancinmu ke haya sau da yawa ba a loda su. Na fi son lissafa iyakokin a manhaja saboda wani dalilin ma: in ka naɗe ginshiƙin lokaci cikin wani umarni, rumbun bayanai ba zai iya amfani da fihirisar ginshiƙin ba, sai ya bi layi-layi, rahoton ya riƙa nauyi yayin da oda ke taruwa.

Ka kuma tambayi Alhaji yaushe ranar cinikinsa take ƙarewa. Wataƙila ba sha biyun dare ba ce. Mai shagon da ke rufewa bayan la'asar yana iya ɗaukar duk abin da ya shigo bayan rufewa a matsayin cinikin gobe, mai gidan abinci kuma yana iya ɗaukar ƙarfe biyun dare a matsayin ci gaban yau. Wannan hukuncin mai dukiya ne, kai naka ka mayar da shi iyakoki biyu a UTC. Haka nan in ka saita aikin cron, wato aikin da saba ke tayarwa da kanta a lokacin da aka tsara, ya tura rahoto da sha biyun dare a sabar da ke kan UTC, ƙarfe ɗaya zai tashi a agogonmu.

Me ya sa nake nanata sunan yanki maimakon +01:00, alhali a Najeriya duk ɗaya ne? Domin +01:00 tazara ce ta wani lokaci guda, sunan yanki kuwa yana ɗauke da tarihin dokokin wurin da duk canjin da hukuma ta yi. Sunayen suna fitowa daga kundin yankunan lokaci wanda Arthur David Olson ya fara tarawa, Paul Eggert ya daɗe yana kula da shi, kuma tun 2011 yana ƙarƙashin IANA, hukumar da ke kula da rajistar lambobin intanet. Duk lokacin da wata gwamnati ta taɓa agogonta, a nan ake gyarawa, wayoyi da sabobi su ɗauka. Kuma gwamnatoci suna taɓawa fiye da yadda kake zato. Sudan ta janye daga UTC+3 zuwa UTC+2 a 1 ga Nuwamba 2017. Masar ta dawo da agogon bazara, wato ƙara awa ɗaya a lokacin zafi, a 2023 bayan ta yi shekaru da barinsa. Moroko ta tsaya a kan UTC+1 irin namu daga 2018, amma ta riƙa janye awa ɗaya idan Ramadan ya kama, ta mayar bayan watan azumi ya ƙare. Wanda ya rubuta tazarar waɗannan ƙasashe da hannu a cikin manhajarsa, sai ya bi su da gyara ɗaya bayan ɗaya. Ɗan gargaɗi a gefe: in ka ci karo da Etc/GMT-1 a jerin yankuna, alamarsa a juye take, UTC+1 yake nufi. Ka bar shi inda ka gan shi, ka ɗauki Africa/Lagos.

Sai ranar haihuwa, inda nake so ka fi natsuwa. Ban ga kod ɗinka ba, amma na san yadda ake faɗawa ramin. Mai saye ya zaɓi 15 ga Mayu 2000, manhajar zaɓen kwanan wata ta ƙera Date, wato ma'ajin lokaci na JavaScript, na sha biyun dare a agogon wayarsa, wato agogon Kano. Ka kira toISOString(), ko kuma JSON, tsarin da ake tura bayanai da shi, ya kira maka ba tare da ka sani ba lokacin turawa saba, sai ya zama 2000-05-14T23:00:00.000Z. Ka yanke haruffa goma na farko, ga 14 nan. Ramin yana da ɗan'uwa ta ɗaya ɓangaren. A ƙa'idar JavaScript, in ka ba new Date rubutun kwanan wata zalla irin 2000-05-15, a matsayin sha biyun daren UTC yake ɗaukarsa, amma in ka haɗa da awa ba tare da Z ba, irin 2000-05-15T00:00, sai ya ɗauke shi a agogon na'urar. A Kano na farkon zai nuna ƙarfe ɗaya na dare, kwanan wata bai motsa ba, ka zaci lafiya. 'Yar'uwarmu da ke aure a New York kuwa za ta buɗe ta ga 14 ga Mayu da ƙarfe takwas na dare.

Maganin ba lissafi ba ne. Ranar haihuwa, ranar da magani zai lalace, ranar hutun ƙasa irin 1 ga Oktoba, waɗannan kwanakin kalanda ne, babu awa a jikinsu, babu yanki. Wanda aka haifa 15 ga Mayu a Fagge, ko a Tokyo ya cike takarda 15 zai rubuta. Akwatin kwanan wata na HTML da kansa rubutu yake ba ka a tsarin shekara, wata, rana. Ka karɓi rubutun nan yadda yake, ka tura shi yadda yake, ka zuba shi a ginshiƙi nau'in DATE, kada ya ratsa ta cikin Date na JavaScript ko sau ɗaya. In za ka lissafa shekarun mutum, ka raba rubutun gida uku ka yi aiki da lambobin.

Date na JavaScript ba abin dogaro ba ne a irin wannan aiki, kuma da dalili. A 1995 Brendan Eich ya ƙera harshen cikin gaggawa a kamfanin Netscape, aka kwaikwayo tsarin kwanan wata daga wani harshen mai suna Java da duk lahaninsa. Java ta yi watsi da mafi yawan wannan tsari a 1997, JavaScript kuwa ta ci gaba da ɗaukarsa domin kada tsofaffin shafuka su karye. Daga nan ne aka gaji ƙirgen wata daga sifili, Janairu 0, Disamba 11, alhali ranakun wata daga 1 suke farawa. Daga nan ne kuma in ka ƙara wata ɗaya a kan 31 ga Janairu 2025 sai ka tsinci kanka a 3 ga Maris, tun da Fabrairu ba ta da 31, ya zarce. Harshen PHP ma haka yake yi in ka ce ya ƙara wata ɗaya kai tsaye. Mai gina manhajar adashi ko biyan kuɗin wata-wata ya zauna da masu abin su yanke ranar zubi a gajeren wata kafin ya rubuta layi ɗaya. Sabon tsarin Temporal an gina shi ne don ya raba waɗannan nau'o'in, kwanan wata zalla daban, ƙiftawa daban, lokaci mai yanki daban, kuma ya fara shiga burawzoji, Firefox ta sake shi a 2025. Amma masu sayen Alhaji da yawa da tsofaffin wayoyi suke shigowa, saboda haka kayan aikin lissafin lokaci irin Luxon ko date-fns ko Day.js sun fi maka kwanciyar hankali a yanzu. Ɗan'uwansu Moment kuwa masu shi da kansu sun sanar tun 2020 cewa kada a fara sabon aiki da shi. Wajen nunawa kaɗai ba ka buƙatar ko ɗaya: Intl.DateTimeFormat yana cikin burawza, ka ba shi yankin Africa/Lagos ya yi maka canjin.

Akwai nau'i na uku da ba ka tambaya ba, amma zai same ka: alƙawarin nan gaba. A ce malami a Kano yana karantar da yara ta intanet duk Asabar, ɗalibansa suna Landan, iyaye suka ce ƙarfe biyar na yamma a agogonsu. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogon Landan da namu ɗaya ne, malam zai zauna ƙarfe biyar. Sauran watannin Landan tana bayanmu da awa ɗaya, sai ya zauna ƙarfe shida, ya duba ko zai ci karo da magariba. In ka mayar da darasin farko UTC ka riƙa ƙara kwana bakwai, ranar da Ingila ta juya agogo yaran za su ga darasi ya koma ƙarfe huɗu in da bazara aka fara, ko ƙarfe shida in da hunturu aka fara. A nan ƙa'idar ajiye komai a UTC ba ta aiki. Abin da za ka ajiye shi ne abin da aka yi alƙawari a kansa: Asabar, 17:00, Europe/London, sannan ka fitar da UTC na kowane zama idan ya matso. Masu yi wa kamfanonin Hajji da Umara aiki su ma su lura: tikitin jirgi yana rubuta tashi da agogon Kano, sauka da agogon Jidda. A ce an tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ƙarfe 10 na dare aka sauka 5 na asuba, tafiyar awa biyar ce ba bakwai ba, awa biyun tazarar Saudiyya ce.

Wasu ƙananan abubuwa da zan bi da sauri. Lokacin da oda ta shigo saba ce za ta buga shi, ba wayar mai saye ba, domin agogon waya kowa yana iya juya shi, wata ma in batir ya mutu sai ta farka a wata shekara. Sabar kuma ka tabbatar tana daidaita agogonta ta NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, in ba haka ba lambobin sirri masu canzawa duk daƙiƙa 30 za su riƙa ƙin shiga ba tare da wani dalili a fili ba. In ka ga kwanan wata ya fito a wajajen 20 ga Janairu 1970, daƙiƙu ka ba JavaScript a inda take jiran milisakan, ka ninka da dubu. PHP da JWT, wato tikitin shaidar shiga shafi, da daƙiƙu suke ƙirge, a nan aka fi yin wannan tuntuɓe. Kada ka taɓa tura 03/04/2025 tsakanin na'urori, mu 3 ga Afrilu muke karantawa, burawza kuwa bisa al'adar Amurka 4 ga Maris za ta ɗauka. A MySQL, TIMESTAMP yana mayar da lokaci UTC wajen ajiya bisa yankin zaman da ka buɗe, ya juyo da shi wajen karantawa, DATETIME kuwa abin da ka zuba shi yake riƙewa ba ya tambayar daga ina. TIMESTAMP yana da iyaka, 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 4:14 na asuba a agogonmu, lokacin da ƙirgen daƙiƙu zai kai 2,147,483,647 ya cika ma'ajinsa. Ga odar atamfa ba damuwa ba ce yau, amma wa'adin hayar shago ko fili mai tsawon shekaru zai iya tsallake ta. Batun daƙiƙar da ake ƙarawa UTC lokaci-lokaci kuwa, sau 27 aka yi tun 1972, na ƙarshe a ƙarshen 2016, kuma a 2022 an amince a daina nan da 2035. Shafin shago ba ruwansa da wannan.

Na san ba da jimawa ba Alhaji zai ce a sa masa kwanan watan Musulunci a kan rasit. Intl tana da kalandar islamic-umalqura, wadda Saudiyya ke aiki da ita, amma lissafi ce da aka tsara tun gaba, mu kuwa a nan sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi bayan ganin wata ake bi, kuma sukan saɓa da kwana ɗaya. Ka ajiye kwanan Miladiyya a matsayin asali, ka sa wa mai shago wurin da zai matsar da na Hijira gaba ko baya da hannunsa a farkon kowane wata, sannan ka rubuta wanda aka buga a jikin kowane rasit domin gyaran wata mai zuwa kada ya canza tsohuwar takarda. Ka tuna kuma ranar Hijira da faɗuwar rana take juyawa, faɗuwar rana kuwa ba ruwanta da Africa/Lagos. Maiduguri da Legas agogonsu ɗaya, amma tsakaninsu akwai kusan digiri goma daga gabas zuwa yamma, kowane digiri minti huɗu ne na tafiyar rana. Don haka lokutan salla da wurin da mutum yake tsaye ake lissafa su, yankin lokaci aikinsa kawai ya mayar da sakamakon zuwa fuskar agogo.

Kafin ka taɓa komai a shafin Alhaji, ka fara gano da wane agogo aka rubuta tsofaffin bayanan. Ka duba yankin sabar, da na MySQL, da na PHP ko Laravel, domin ukun nan suna iya saɓawa, musamman in sabar tana Amurka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki oda ɗaya da aka biya ta banki, ka kwatanta lokacinta da na saƙon alat da ya shigo wayar Alhaji. Ka yi haka da oda ta watan Janairu da ta watan Yuli, domin in sabar tana bin agogon bazara, tazarar ba za ta zo ɗaya ba. Ka kwafi rumbun bayanan gefe, ka yi gyaran a kan kwafin tukuna. Ranakun haihuwa da suka ja baya ba duka za ka ƙara wa kwana ba, sai waɗanda suka shigo ta hanyar da ke da ramin, kuma in ba ka da yadda za ka bambance su, gara ka nemi masu su su tabbatar a shigowarsu ta gaba. Bayan gyara, ka canza yankin kwamfutarka zuwa America/New_York, sannan Asia/Shanghai, ka cike fom ɗin a kowanne, ka kuma ƙirƙiri oda ta 11:59 da ta 12:30 na dare ka ga ranar da kowacce ta faɗa a rahoto.